Kawuna na so in rubuta cewa zumarmu tana maganin ciwon suga

Anti, barka da ƙoƙari. Na karanci harkar kasuwanci, bayan na gama sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ɗauke ni aikin talla a ɗan kamfaninsa na zuma. Sunan yankinmu ne a jikin kwalbar, domin tun asali masu amya na ƙauyukan yankin ne suke kawo masa. Albashina kaɗan ne, sauran kamisho ne a kan abin da aka sayar. Ni ke kula da shafukanmu na Facebook da Instagram, ni ke amsa saƙonnin WhatsApp, ni ke zagaya kantuna. Ciniki ya ƙi gaba. Kawu ya ce tallana ne ya yi sanyi. Yana so in rubuta cewa zumarmu tana maganin ciwon suga da gyambon ciki da hawan jini, in kuma yi bidiyon gwajin ashana kamar yadda wasu ke yi don nuna cewa zumarsu tsantsa ce. Ga wasu kantuna sun dawo mana da kaya saboda zumar ta daskare, masu saye suna cewa sukari aka zuba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, bana da zuma ta yi ƙaranci, Kawu ya saro jarkoki a hannun wani dillali, ba mu san daga inda suka fito ba, aka haɗa da tamu aka ɗura da sunan yankinmu. Shi ya biya mini kuɗin makaranta. Ba na so in ɓata masa, ba na so in yi ƙarya da bakina, kuma ina buƙatar aikin. Yaya zan yi?

Ƙanwata, sannu da wannan nauyi. Damuwar da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki ita ce babba, don haka da ita zan fara. Batun ashana da na ciwon suga magana ce ta abin da za a rubuta. Batun jarkokin dillali kuwa magana ce ta abin da ke cikin kwalbar, kuma mai talla ba ta da ta cewa sai ta san abin da take tallatawa.

Ki tambayi kanki dalilin da zai sa mutum ya tsallake zumar manyan kamfanoni, wadda take ko'ina kuma sau da yawa ta fi taku araha, ya miƙa hannu ya ɗauki taku. Ba ku fi su kuɗin talla ba, ba ku fi su kyawun kwalba ba. Abu guda kuke da shi da ba su da shi: kuna iya nuna dajin da ƙudan ya yi kiwo, kuna iya kiran mai amyar da sunansa. Sunan yankin nan da ke jikin kwalba shi ne jarinku. Hatta ƙa'idar zuma ta duniya, wadda hukumar Codex Alimentarius ta fitar a 1981 aka kuma sabunta ta a 2001, cewa ta yi ba a laƙaba wa zuma sunan wani yanki sai idan a cikin yankin kaɗai aka samo ta. Hukumar abinci ta FAO da ta lafiya ta WHO ne suka kafa Codex ɗin nan, kuma ƙasashe da dama a kan ƙa'idojinta suke ɗora dokokinsu na abinci. Ke nan tun ranar da aka juye jarkar farko a cikin duronku, sunan da ke kwalbar ya daina zama gaskiya, ko da zumar dillalin tsantsa ce.

Ina ma tabbacin tsantsa ce? Tarayyar Turai, da duk na'urorinta da jami'anta na bakin iyaka, ta ɗebi samfur daga kaya 320 na zumar da ake shigar mata daga waje tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022. Da sakamako ya fito a watan Maris na 2023, guda 147, wato kashi 46 cikin 100, an zarge su da algus. Masu yin algus sun wuce narka sukari a tukunya. Ruwan zaƙi ne ake sarrafawa daga shinkafa ko alkama ko masara, a daidaita masa launi da kauri har harshe ya kasa rabewa. Idan manyan 'yan kasuwa masu ɗakunan gwaji suna faɗawa tarkon, Kawu da ya saya da ɗanɗanon yatsa a bakin jarka zai iya zama wanda aka fara cuta. Ki riƙe wannan, domin ta nan za ki shiga maganar da shi.

Ina kyautata zaton Kawu bai ɗauki kansa mayaudari ba. Ɗan kasuwa ne da ya ga kantunan da ya sha wahalar shiga za su ba wani gurbinsa idan kaya suka yanke, sai ya cike giɓin da abin da ya samu. Idan kika je masa da kalmar ha'inci, zai ji 'yar da ya yi wa ɗawainiya ce take yi masa wa'azi, daga nan kunnensa ya toshe. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba, kuma kada ki fara bi ta wajen mahaifiyarki, don zai ɗauka ƙararsa kika kai. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Kawu, akwai abin da ke ba ni tsoro a kan sunan nan da ka daɗe kana ginawa. Zumar da aka saro ba mu san asalinta ba. Idan hukuma ko wani babban kanti ya kai kwalba ɗaya gwaji aka samu wani abu a ciki, sunanka ne a jiki, dillalin kuwa ba wanda zai san shi." Sai ki biyo da mafita a zaman nan, kada ki bar shi da laifi kawai a hannu.

Mafitar ba ta da wuya. Zumar yankinku a ɗura ta ita kaɗai, da sunan yankin, da watan da aka ɗebe ta, da lambar rukuni a jikin kowace kwalba, yadda idan ƙorafi ya zo za a san duron da ta fito da mai amyar da ya kawo. Idan Kawu yana so ya ci gaba da sari don kada kantuna su zauna babu kaya, sai a kai ta gwaji tukuna, idan ta tsallake a yi mata wani suna da wata sitika dabam, a rubuta cewa haɗi ce. Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar zuma. A 2024 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta a rubuta ƙasashen da zumar haɗi ta fito, da kason kowace ƙasa, a jikin kwalba. Kwalaben da aka riga aka ɗura daga haɗin bana kuwa, a canza musu sitika ko a janye su daga kantuna. Akwai asara a ciki, na sani, kuma nan ne Kawu zai fi turjewa.

Abin da mai yiwuwa bai lura da shi ba shi ne, ƙarewar zumar yankin talla ce mai zaman kanta. Ranar da kika rubuta a shafinku cewa zumar bana ta ƙare, sai an sake ɗiba, mai son a ajiye masa ya bar sunansa, kin shaida wa mutane abin da bidiyo goma ba za su shaida musu ba: cewa zumarku daga amya take fitowa, kuma amya tana da lokacinta. Zumar da ake cewa ta daji guda ce, amma ba ta taɓa yankewa, ba ta taɓa sauya launi daga shekara zuwa shekara, mai hankali zai fara tambaya.

Bidiyon ashana kuwa, ina roƙonki kada ki yi. A tsoma kan ashana a zuma a ƙyasta, a ɗiga zuma a kofin ruwa a ga ko za ta sauka ƙasa a dunƙule, a ɗiga a takarda a ga ko za ta jiƙa, a jira a ga ko tururuwa za su zo: babu ɗaya a cikinsu da ke gano algus. Iyakar abin da yawancinsu ke nunawa shi ne yawan ruwa ko kauri, shi ma a kintace. Ruwan zaƙi mai kauri zai ci jarrabawar ashana cikin sauƙi, zumar gaske da aka ɗiba da ɗan danshi ta faɗi. Tururuwa kuma ba sa tambayar asalin zaƙi. Idan kika koya wa masu sayenki wannan gwaji, tamkar kin miƙa musu mudun da mai algus ya ƙera ne, kuma wata rana da shi za a auna taku a ce ba ta cika ba.

Akwai abin da ya fi ashana kyau a kyamara, kuma gaskiya ne. Masu kiwon zuma suna da wata 'yar na'ura da ake kira rifiraktomita, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Ana ɗaga ɗan murfinta, a shafa ɗigon zuma a kan gilashin, a rufe har ta baje babu kumfa, a juya ta wajen haske a leƙa ta ɗaya bakin. Za ki ga fili ya rabu biyu, sama shuɗi ƙasa fari, layin da ke tsakaninsu ya tsaya a kan lamba. Lambar nan ita ce kason ruwan da ke cikin zumar. Ƙa'idar Codex ta ce kada ya wuce kashi 20 cikin 100, kuma masu sana'ar sun fi son ya tsaya wajen 17 ko 18, domin daga nan sama zuma tana iya yin tsami. Ki kanga kyamarar wayarki a bakin na'urar ranar da masu amya suka kawo kaya, mutane su ga layin da idonsu. Sai dai ki faɗi iyakar abin da ta nuna: zumar ta nuna a saƙa kafin a ɗebe ta, kuma ba a tsarma ta da ruwa ba. Ba ta gano ruwan zaƙi. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, inda ake auna yawan nau'o'in sukarin da ke ciki, da wani sinadari mai suna HMF da ke ƙaruwa idan an dafa zuma ko ta daɗe a zafi, da wani gwaji na musamman da ke kama sukarin rake da na masara. Shi ma wannan gwajin, ruwan zaƙin shinkafa yana iya zille masa, shi ya sa sanin mai amya da zuwa wurin ɗiba ya fi kowace takarda ƙarfi. Duk da haka, idan kuna da takardar gwaji ta rukunin da kuke sayarwa, ki ɗauki hotonta ki sa. Gani ya kori ji.

Sai batun daskarewa, wanda ya fi ba ni takaici, domin zumar kirki da yawa ana dawo da ita a kan wannan rashin sani. Zuma ruwa ne kaɗan da ya ɗauki sukari fiye da ƙarfinsa, galibi nau'i biyu, gulukos da furuktos. Gulukos ba ya jure zama a narke, a hankali yake fita ya zama tsaba-tsaba. Zumar furen da gulukos ya fi yawa a cikinsa, irin ta furen sunfulawa, tana iya daskarewa cikin 'yan makonni, wata kuma ta shekara tana zuba. Sanyi yana gaggauta abin, musamman wajen digiri 14, shi ya sa kwalbar da aka jera kusa da na'urar sanyaya ɗaki a kanti take riga ta gida daskarewa. Zumar da ba a tace ta da matsi ba ma ta fi saurin yi, saboda ƙurar fure da ɓurɓushin kakin da ke cikinta su ne tsabar take kamawa ta fara taruwa. Manyan kamfanoni suna ɗumama tasu su tace ta sosai don ta daɗe tana zuba, sai ido ya saba da ganin zuma garau kamar mai, har mutane suka ɗauka haka zumar gaske take.

Wannan rashin sani aikinki ne ki gyara, kuma kafin a saya, domin bayanin da ya zo bayan ƙorafi kare kai ake ɗaukarsa. Layi biyu a jikin sitika sun isa: wannan zuma tana iya daskarewa, ɗabi'arta ce, a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi za ta narke. Ruwan ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, wajen digiri 40, kada a tafasa, don tafasawa tana kashe ƙamshi ta ɓata launi. Ki yi bidiyo ɗaya da kwalba daskararriya da kwanon ruwan ɗumi, ki liƙa shi a saman shafinku. Ki kuma zauna da yaran kantunan da ke jera kayanku, su ne mai saye yake tambaya, ki ba su su ɗanɗana daskararriyar da cokali, ki yi musu bayanin da za su iya maimaitawa cikin jimla ɗaya. Kada dai ki zarce ki ce daskarewa shaidar tsantsa ce, don wadda aka yi wa algus ma tana iya daskarewa. Kuma ki bambanta ta da lalacewa. Idan kika buɗe kwalba ta yi huci, kumfa ya taru a sama, wari mai tsami ya bugi hanci, wannan ta fara ruɓa saboda yawan ruwa, a karɓe ta a mayar wa mutum kuɗinsa ba gardama.

Wasu ma daskarewar suka mayar abin sayarwa. Tun shekarun 1930 wani masani mai suna Elton Dyce a jami'ar Cornell ta Amurka ya fito da hanyar sarrafa daskarewar yadda tsabar za ta yi laushi, zumar ta zama ta shafawa, kuma har yau ana sayar da irinta da daraja. Farar zumar Oku, daga dajin Kilum-Ijim a arewa maso yammacin Kamaru, fara ce mai kauri, ba ta yi kama da abin da yawancin mutane ke kira zuma ba. A 2013 hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta yi mata rajistar sunan asali, tana cikin kayan Afirka na farko da suka samu wannan kariya, yadda ba wanda zai sa wa zumarsa sunan Oku sai ta fito daga can kuma an bi ƙa'idar ɗibanta. Abin da ya bambanta ta da sauran zuma shi masu ita suka riƙe. Ki nemo abin da ya bambanta taku.

Yanzu maganar ciwon suga. A nan ba ni da sassauci, kuma ba na so ke ma ki yi. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Tana ɗaga sukarin jini. Ki hango dattijon da ya gaji da allura da ƙwayoyi, jikarsa ta nuna masa rubutunki a waya, ya ajiye maganinsa ya koma shan zuma cokali-cokali safe da yamma saboda ya yarda da ku. Ciwon suga idan ya ƙwace yana taɓa ido da ƙoda da ƙafa. Hawan jini shi ma shiru yake yi har ranar da zai kayar da mutum. Ba Kawu ne zai rubuta jimlar ba, yatsunki ne. Idan ya kawo miki ayar Suratun Nahli da ta ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane, ki amsa da ladabi cewa kin yi imani da ita, amma ayar ba ta ce mai ciwon suga ya bar likitansa ba, ba ta kuma ba ɗan kasuwa izinin jera sunayen cututtuka a jikin kwalba don kaya su tafi ba. Ta fuskar kasuwanci ma ki tuna masa cewa dokokin abinci a ƙasashe da yawa sun hana a tallata abinci da sunan yana warkar da cuta, kuma Facebook da Instagram suna da ƙa'idar ƙin irin wannan talla, har sukan rufe asusun mai yi. Ki je ki karanta abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasarku ta tanada, ki kai masa a rubuce.

Abin da bincike ya goyi baya kaɗan ne, kuma yana da iyaka. Akwai shaidar cewa zuma tana sauƙaƙa tarin mura ga yaran da suka wuce shekara ɗaya. Akwai zumar da asibitoci ke sa wa rauni, amma wannan an kashe mata ƙwayoyin cuta ta hanya ta musamman, ba ta kan tebur ba ce. Akwai kuma gargaɗin da ya kamata ya hau kowace kwalbarku ko da ba wanda ya tilasta muku: kada a ba jaririn da bai cika wata 12 ba zuma, ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim, wadda hanjin jariri bai yi ƙwarin kare kansa daga gare ta ba. Uwar da ta karanta wannan a kwalbarku za ta gane cewa masu zumar nan sun damu da ɗanta.

Kawu zai iya cewa ai zumar furen itacen manuka ta New Zealand da maganar lafiya ta yi suna, har take cikin mafi tsada a duniya. Gaskiya ne, amma a duba yadda aka yi. Peter Molan na jami'ar Waikato ya fara bincikenta tun shekarun 1980. Sai a 2008 masana a jami'ar Dresden ta Jamus suka bayyana sinadarin da ke ba ta ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake taƙaita sunansa da MGO. A ƙarshen 2017 gwamnatin ƙasar ta fitar da ma'aunin da dole zuma ta cika a ɗakin gwaji kafin a fitar da ita waje da sunan manuka. Abin da ke jikin kwalbarsu lamba ce da wani zai iya aunawa ya ƙaryata su idan sun yi ƙarya. Ku ma ku rubuta abin da za a iya aunawa.

To me za ki tallata? Ki ajiye hotunan cokali mai ɗigar zuma da kowa ke kwafowa daga intanet, ki bi motar da ke zuwa ɗauko kaya. Ki ɗauki mai amya yana hura hayaƙi, da hannunsa yana ɗago saƙar da ƙuda ya rufe bakinta da kaki, alamar ta nuna. Ki ɗauki itatuwan da ke fure a lokacin, ki tambaye shi wanne ƙudan ya fi bi, ki bar shi ya yi bayani da bakinsa, bayan kin nemi izininsa kuma ya san inda hoton zai je. Ki jera kwalba uku na ɗiba uku a bakin taga inda haske ke ratsa su, wata ja, wata baƙi-baƙi, wata fara-fara, ki faɗi watan kowace da furen da ya ba ta launin. Abin da Kawu yake gani kamar rashin daidaito, shi ne hujjarku. Ranar 20 ga Mayu kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ƙudan zuma tun 2017 bisa shawarar ƙasar Sulobeniya, gidajen rediyo da makarantu sukan nemi wanda zai yi magana, ki kai musu mai amya da saƙa a faranti.

Zuma kuwa da harshe ake sayar da ita. Teburi ɗaya a bakin kanti da ƙananan cokulan da ake yarwa bayan amfani zai yi miki aikin da kuɗin talla a intanet ba zai yi ba. Ki nemi Kawu ya fito da 'yar ƙaramar kwalba, don wanda bai san ku ba ba zai fara da babba ba. Idan za ki biya Facebook ya yaɗa talla, ki taƙaita shi ga garuruwan da za ku iya kai kaya cikin sauƙi, kuma ki tabbatar murfin ba ya yoyo, domin kwalbar da ta isa hannun mutum tana danƙo ta gama ɓata muku suna kafin ya ɗanɗana.

Game da zargin cewa tallanki ne ya yi sanyi, kada ki yi musu, kada kuma ki amsa laifin. Ki buɗe littafi. Duk wanda ya saya ta hannunki, ki rubuta ranar, da girman kwalbar, da inda ya ji labarinku, sai ki duba wa ya dawo. Talla ke kawo mutum karon farko, abin da ya tarar a kwalba ke dawo da shi. Idan sababbi ba sa zuwa, gyaran naki ne, ki karɓa. Idan suna zuwa amma ba sa dawowa, musamman tun bayan haɗin bana, to littafin zai faɗa wa Kawu abin da ke da nauyi a bakinki. Waɗanda suka dawo kuma su ne dukiyarku. Ki nemi izininsu kafin ki riƙa tura musu saƙo, ki tuntuɓe su daidai lokacin da kike tsammanin kwalbarsu ta kusa ƙarewa, su ne za ki fara sanar wa idan sabuwar ɗiba ta iso.

Tsarin biyanki ma yana buƙatar gyara. Kamisho zalla yana tura mai talla ga ƙarin gishiri, kuma yana sa ki ɗauki asarar abin da ba ke kika jawo ba, kamar kayan da aka dawo da su. Aiki da ɗan uwa ya fi buƙatar rubutu, don kunya tana hana tambaya har abu ya taru ya zama gaba. Ki roƙi Kawu a rubuta albashi, da kamisho, da wanda ke ɗaukar asarar kayan da suka dawo, da kuɗin da aka ware wa talla duk wata. Ki kawo wannan a wani zama dabam, kada ya cakuɗe da maganar jarkoki ya zama kamar ciniki kike yi da shirunki.

Zai yiwu ki yi duk wannan Kawu ya ce shi dai a yi yadda ya ce. Idan haka ta faru, ki faɗa masa cikin ladabi abu biyu da hannunki ba zai rubuta ba: cewa zuma tana warkar da wata cuta, da cewa haɗin nan zumar yankinku ce. Sauran aiki duk ki ci gaba da yi da ƙwazo. Idan ya matsa, lokacin ne za ki nemi babban da yake jin nauyinsa, ko mahaifiyarki, a zauna a yi maganar cikin rufin asiri. Idan nan ma bai sauya ba, ki fara neman wani aikin a hankali, ki tattara hotuna da bidiyon da kika yi da alƙaluman littafinki su zama shaidar iyawarki, ki yi masa sallama ta mutunci da wa'adin da zai samu wani. Kuɗin makarantar da ya biya alheri ne da za ki riƙa tunawa har ƙarshen rayuwarki, ki gaishe shi, ki hidimta masa, ki tsaya wa 'ya'yansa. Amma bai biya don ki yaudari marar lafiya ba, kuma ina zaton shi ma idan aka fito masa da maganar a haka ba zai ce don haka ya biya ba.

Kafin duk wannan zama ya yiwu, wani zai turo miki saƙo a WhatsApp, wataƙila gobe, ya ce mahaifiyarsa tana da ciwon suga, ko zumarku za ta yi mata. Ki rubuta masa cewa zuma tana ɗaga sukarin jini kamar sauran kayan zaƙi, kada ta sha sai ta tambayi likitanta, kada kuma ta bar maganinta, Allah ya ba ta lafiya. Idan yana so ya saya wa sauran mutanen gidan, sai ki tura masa ta rukunin da kika san mai amyarsa.